Kyamararka a Ɗakin Inna

Bukan Sidi, Lafia

Zuwa ga ƙanena Nasiru,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kana cikin rahama, ya sa makwancinka ya fi maka ɗakinka na Akurba yalwa da sanyi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ban tabbata za ka kai ƙarshenta ba, domin kai mutum ne mai son a faɗa maka magana kana kallon fuskar mai faɗa. Ni kuwa ka san ni, sai na zauna da biro nake gane abin da ke raina. A littafin da nake rubuta abubuwan yau da gobe na fara ta, sai na lura duk layin da na ja da kai nake magana. Shi ne na yago takarda na sa sunanka a sama.

Bari in fara da labarin gida, kamar yadda ake yi. Matarka Murja tana takaba a Akurba, ita da yara duk lafiya. Ruwa ya sauka da wuri bana, manoma sun cika mini shago suna neman maganin feshi tun kafin in gama kawo kaya. Mangwaron nan na bayan gidanmu na Bukan Sidi da ka hana a sare, iska ta karya masa reshe, reshen ya faɗa kan katanga ya tsaga ta. Ban sare shi ba, na dai gyara katangar.

Mutane sun zo maka, Nasiru. Har yanzu suna zuwa. Masu lodin doya da ka yi fim a kansu sun zo a mota guda, suka zauna a ƙofar gida da kayan aikinsu. Wani ƙaton Tibi a cikinsu ya yi ta kuka kamar yaro, yana cewa kai kaɗai ka taɓa tambayarsa sunan kakansa. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa sun zo, waɗanda suka rage. Matan nan masu dafa gishiri sun aiko da ƙullin gishiri. Ɗalibanka sun zo da baƙaƙen riguna masu hotonka, na roƙe su suka cire kafin Inna ta gani. Murja ta ce wayarta ba ta huta ba, daga ƙasashen da ban san inda suke a taswira ba ake kira. Ni nake karɓar gaisuwa a zaure. Duk wanda ya shigo sai ya riƙe hannuna ya ce, kai ne yayan Dokta? In ce ni ne. Ban ji wanda ya tambayi sunana ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai Inna. Saboda ita na ɗauki biro, don haka bari in daina kewaye.

Ka san abin da ke tsakanina da ita, ka ma fi ni sani tunda kai ka yi karatunsa. Ni ne ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta duban idona, ba ta zama ɗaki da ni mu biyu. Ana yaye ni kakarmu Hajiya Babba ta ɗauke ni, ban dawo gidan Baba ba sai da ta rasu, ina gab da gama firamare. Ranar da na dawo da akwatina, abin da na fara gani a tsakar gida kai ne a kan cinyar Inna, kana ja mata ɗankwali tana dariya tana ce maka Auta, Auta, za ka tona mini asiri. Na durƙusa na gaishe ta. Ta juya wajen murhu ta ce da 'yan'uwanmu mata, ku nuna wa yayanku ɗakinsa. Tun daga ranar haka muke. Ku ce wa yayanku abincinsa na nan. Ku tambayi yayanku ko ya ga makullin. Da matan suka yi aure suka watse, saƙon ya koma bi ta hannunka. Ko mai gyaran famfon unguwarmu da muke suna ɗaya da shi, mai sunan yaron nan take ce masa.

Kowa ya ce mini al'ada ce, kunya ce, alamar tarbiyya ce. Na yarda. Har yau na yarda. Amma me ya sa yardar ba ta taɓa rage mini komai ba?

Ban yi maka hassadar karatu ba, ko kuwa na yi, ban sani ba. Na gama sakandare Baba ya kwanta ciwo, na karɓi shago, kai ka wuce jami'a. Wani ne zai tsaya, ni ne babba, na tsaya. Na ji daɗi ranar da ka gama digirin tarihi. Na tuna lokacin da kake zuwa Kaduna kana tonon tsofaffin takardu, ka dawo kana faɗa a zaure, kana cewa duk takardun nan Turawa da sarakuna ne kawai ke magana a ciki, ina masu noma doyar da aka ci? Daga nan ka koma nazarin al'adun mutane, ka zama Dokta, ka sayi kyamara. Da ka ajiye aikin koyarwa don ka riƙa yin fim da kanka, ba kamfani ba uban gida, abokan Baba suka ce a nema maka magani. Ni na tsaya maka a wajensu. Na ce a bar shi, ya san abin da yake yi. Alhali ni ma ban gane ba. Fim babu waƙa, babu rawa, babu jarumi, sai tsoho ya zauna a kan benci yana ba da labarin yadda aka shimfiɗa layin dogo. Wa zai kalla? Ashe akwai masu kallo, har da masu tashi tsaye su tafa.

Abin da ya fi burge ni a aikinka ita ce dokar nan taka. Ba ka taɓa fitar da fim ba sai ka mayar da shi wurin mutanen da ke ciki. Ka ɗaura farin zanen gado a jikin bango, ka tara su su kalli kansu, sannan ka kunna kyamara ka tambaye su ko sun yarda duniya ta gani. Abin da suka ce a cire, ka cire. Amsarsu kuma ita ce ƙarshen fim ɗin. Na sha rubuta wa kaina cewa wannan aikin mai gaskiya ne. Ka ga, ba duk abin da na rubuta a kanka ne mai ɗaci ba.

Amma akwai ranar da ban gaya maka yadda na ji ba. Ranar da aka gayyace ka ka yi lacca a nan Lafia, ka ce in zo. Na sa farar shaddata na zauna a tsakiya. Ka yi magana a kan yadda al'ada take ƙaura daga gida zuwa gida, sai ka kawo misalin kunyar ɗan fari. Ka ce mahaifiyarka Bagwandariya ce daga ƙauye, aka kawo ta gidan 'yan kasuwa masu asalin Kano, uwar miji na zuba mata ido ta ga ko baƙuwar nan ta san kunya. Ka ce shi ya sa ta riƙe abin fiye da masu shi, don kada a ce 'yar ƙauye ba ta da tarbiyya, har ya zame mata jiki bayan duk masu sa idon sun mutu. Sannan ka nuna ni da hannu kana murmushi, ka ce ga yayana can, shi ne shaidata. Duk zauren ya juyo. Aka yi dariya, ni ma na yi, har na ɗaga hannu.

Nasiru, a wurin na fara jin dalilin. A bakinka, ta lasifika, tare da baƙi. Na shekara arba'in da wani abu ina tambayar kaina ko wani laifi na yi tun ina jariri, ashe amsar tana wurinka. Ta zauna ta gaya maka. Yaushe? Kuna cin me? Ta yi dariya da tana faɗa, ko ta yi shiru? Na koma shago ranar na kasa tuna farashin komai.

Sai ka fara fim a kanta. Duk Juma'a bayan masallaci ka zo da kayanka, ka shige ɗakinta, ka cire takalmi ka baje a kan tabarma kamar ɗan shekara biyar. Ni aikina janareta. Ka ce in ja shi can bayan gida kada ƙararsa ta shiga, in tsaya kusa ko zai mutu. Ina tsaye a ƙarƙashin mangwaron nan, ta taga nake jin ku. Kana yi mata Gwandara, yaren da ba ta koya wa ko ɗayanmu ba, kai ka je ka koyo shi da girmanka. Tana gyara maka tana dariya. Wata rana na ji tana waƙa. Ban taɓa sanin Inna tana da muryar waƙa ba. Na matso jikin tagar, sai janareta ya fara tari, na koma da gudu. Ka fito daga baya kana ce mini Yaya, yau mun samu abu mai kyau. Na ce ma sha Allah. Ka lura da yadda na faɗe ta? Kai da kake lura da yadda tsoho ke riƙe sandarsa, ka taɓa lura da ni?

Ga abin da ya fi nauyi. Ranar da aka kawo gawarka daga hanyar Makurdi, ni na shiga kabari na karɓe ka. Na yi kuka, Allah ya sani kukan gaskiya ne. Amma muna dawowa daga maƙabarta wani tunani ya zo mini, ban kira shi ba. Na ce yanzu da babu Auta, dole ta yi magana da ni. Wa ya rage mata? Na yi ta istigfari har gida. Tunanin bai tafi ba, ya zauna yana jira tare da ni.

Ba ta yi ba. Na shiga na durƙusa na ce Inna, sai haƙuri. Ta dubi bango ta ce Allah ya ba mu. Bayan an watse sai abin ya ƙara tsanani, domin da kai ne hanyar, yanzu hanyar ta rufe. Matata Hadiza ta koma kai saƙo. Ni nake sayo maganin hawan jininta, ni nake lissafa mata ƙwayoyin a ɗan kwano, Hadiza ta shiga da su. Ina zaure ina jin ta tana ambaton sunanka a sallah.

Ana cikin haka Murja ta aiko in zo. Na same ta a falo da hijabinta, kwamfutarka a buɗe a gabanta. Ka san ita ke haɗa maka finafinai, ta ce wannan na Inna kun kusa gamawa kafin tafiyarka ta ƙarshe. Ta ce masu wani taron finafinai a ƙasar waje sun nemi su nuna shi don tunawa da kai, amma Inna ba ta gani ba, kuma ba za ta karya maka doka kana kabari ba. Ita tana takaba, ba ta fita. Ta tura ɗalibinka, Inna ta ce ba baƙon namijin da zai shigar mata ɗaki. Murja ta dube ni ta ce, Yaya, sai kai.

Na ce mata ni feshi na sani. Ta ce ba wuya, ta ɗauko kyamarar ta nuna mini yadda ake kafa ƙafafunta, inda ake sa ido, da jan maɓallin da ake dannawa. Ta ce in fim ya ƙare in danna, in tambaye ta ko ta yarda, shi ke nan. Ta ƙara da cewa, in ta yi shiru kada ka kashe, Yaya, shi ba ya kashewa. Na rubuta komai bi da bi a takarda. Na kai kyamarar shago na yi ta gwaji a kan galan-galan ɗin magani, har wani manomi daga Ashige ya ce Alhaji, kai ma ka kamu da ciwon ƙanen naka? Na rubuta tambayar da zan yi wa Inna, na soke, na sake rubutawa. Kalma nawa ce? Amma ban taɓa yi mata tambayar da take buƙatar amsa daga bakinta zuwa kunnena ba.

Na zaɓi Juma'a bayan masallaci, don lokacinku ne. Hadiza ta gaya mata tun da safe. Da na shigo da kaya na tarar ta kira Maman Esla, maƙwabciyarmu 'yar Eggon, ta zaunar da ita kusa da ita a bakin gado, don kada mu zama mu biyu. Maman Esla na ganina ta ce, oga darekta, ka sa ni ciki fa, ni ma ya iya fim. Ita kaɗai ta yi dariya. Hadiza ta saki labule, ta jona filashin da Murja ta sa fim ɗin ciki a talabijin, ta fita wajen janareta. Ka ji? Ranar wani ne a ƙarƙashin mangwaro, ni ina ciki.

Na kafa kyamara a gefen ƙofa na tsaya a bayanta. Fim ya fara. Ga Inna a talabijin, ga Inna a bakin gado, ni ban san wadda zan kalla ba. Ta cikin talabijin tana Gwandara, fassarar Hausa na fitowa a ƙasa. Haka na karanta mahaifiyata kamar jarida. Ashe tana yarinya ita ke kama kifi da hannu a rafin ƙauyensu, ta fi mazan iyawa. Ashe tabon da ke ƙafarta daga bishiyar ɗorawa ta faɗo. Ashe ranar da aka kawo ta Lafia ta ga jirgin ƙasa ta ruga ta ɓuya a bayan buhunan gyaɗa. Ga waƙar nan da na ji rabinta ta taga, ta mahaifiyarta ce, ta daka. Muryarka tana fitowa daga bayan kyamara, kana tsokanarta, tana ce maka ja'iri. Da muryarka ta fara fitowa Inna ta bakin gado ta sa gefen mayafi a baki. Maman Esla ta dafa mata gwiwa.

Ina ta jira a zo kaina. Na san za ka tambaya, ba ka iya barin abu. Can kuwa na ji ka ce, Inna, ɗanki na fari fa, ba ki ce komai a kansa ba. Na riƙe ƙafar kyamara. Ta cikin talabijin ta ja mayafi, ta kau da kai, ta ce kai Auta ba ka da kunya. Shi ke nan. Ka bar kyamara a kanta tana murza bakin zaninta da yatsu, ba ta ƙara cewa komai ba, har ka gaji ka wuce zuwa labarin kasuwa. Na zuba wa yatsun nan ido ina neman wani abu a ciki. Ban san abin da na gani ba. Kai da ka iya karanta irin wannan, me ka gani?

Fim ya ƙare, ɗaki ya yi tsit sai ƙarar janareta daga nesa. Na duba takardata, na danna jan maɓalli, 'yar fitilar ta kama. Na sa idona a inda Murja ta nuna mini. Na ce, Inna, kin yarda a nuna wa mutane? Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta wani yaro ce mai akwati.

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Maman Esla ta yunƙura za ta tashi, Inna ta riƙe mata zani. Yatsana yana kan maɓalli, na tuna maganar Murja, na bar shi. Sai ta ɗago kai ta dubi cikin gilashin kyamarar sosai, yadda take yi a fim ɗin. Idona yana ɗaya gefen gilashin, Nasiru. Ban taɓa ganin ƙwayar idon Inna tana kallon inda nake ba sai ranar. Ashe akwai wani ɗan fari-fari da ya fara zagaye mata baƙin ido.

Ta ce, Auta, kana ji na ko?

Da kai take magana. Ta ce ka cire wurin da ɗankwalinta ya zame. Ta ce ka cire inda ta ce Hajiya Babba tana da faɗa, baiwar Allah ta riga mu gidan gaskiya, ba kyau. Sauran ka nuna wa duk wanda kake so, in Turawa ba su da aikin yi sai kallon tsohuwa, su kalla. Na ɗauka ta gama. Sai ta gyara zama ta ce, sannan ka ce wa yayanka ya riƙa cin abinci. Ta ce tun da ka tafi rigarsa ta yi masa yawa, ga abin nan ma yana rawa a hannunsa. Ta ce akwai sakwara da miyar riɗi a kula a bayan ƙofa, ita ta yi da hannunta, ba Hadiza ba. Ta ce ka gaya masa ban sa daddawa ba, na san ba ya so tun yana ƙarami.

Maman Esla ta tafa hannu ta ce, haba Inna, ga shi nan tsaye kamar sandan nepa, gaya masa mana! Inna ba ta ko juya ba. Ta ce, da Auta nake magana.

Ban san lokacin da na kashe kyamarar ba. Na ɗauki kular na fita zaure na zauna da ita a gabana. Ka san me na fara tunani? Ba godiya ba. Cewa na yi, wa ya gaya mata ba na son daddawa? A gidan Hajiya Babba na yi ƙuruciyata, can na fara ture miya. Ko tana aikawa a tambayo mata? Ko ta lura da kwanona duk shekarun nan tana kallon bango? Ko kuwa kai ne ka faɗa mata wata Juma'a kuna hira, ka ba ta ni kamar yadda kake ba ta labarin ƙasashen da ka je? Ba zan taɓa sani ba. Kai kaɗai za ka iya gaya mini, ka kuwa tafi da amsar. Ko a nan sai da ka riga ni.

Na kai wa Murja abin da na ɗauka. Ta kalla ta yi kuka, ta ce Yaya, wannan shi ne ƙarshen da ya fi duk wanda ya taɓa samu, a sa shi duka. A raina ina ganin zauren nan na ƙasar waje, mutane sun tashi suna tafawa, sunanka yana hawa a allo, maganar miyata tana yawo da fassarar Turanci a ƙasa. Na ce mata, dokarsa ta ce duk wanda ke cikin fim sai an tambaye shi, ko? Ta ce haka ne. Na ce to ni ma ina ciki, ga muryata, ga rawar hannuna. Ban yarda ba. A tsaya a inda Inna ta ce su kalla. Murja ta dube ni ta ce dokarsa ce, an cire.

Na san da kana nan za ka yi ta lallashina, ka ce Yaya, tarihi ne, mutane da yawa za su ga kansu a ciki. Wataƙila gaskiyarka ce. Wataƙila na rage wa aikinka na ƙarshe abin da ya fi kyau a cikinsa, kuma ba don wani dalili mai daraja ba. Na auna abin ta kowane gefe a littafina, ban samu inda na fito da kyau ba. Amma ka samu cinyarta, ka samu yarenta, ka samu waƙar. Duniya za ta samu sauran. Wannan guntun nawa ne. Ka bar mini.

Kyamarar tana wurina, Murja ta ce in riƙe tukuna. Juma'ar da ta biyo na sake kafa ta a ɗakin Inna ba tare da na ce komai ba, ita ma ba ta tambayi dalili ba. Ta aika aka kira Maman Esla, ta gyara ɗankwali, ta dubi gilashi ta ce Auta, ta ci gaba. Ta ba ka labarin rafin nan, ta ba ka labarin ranar da aka zo ɗaukar yayanka bayan yaye, yadda ta shiga bayan gida ta daɗe don kada a ga fuskarta. Da Hausa take yi yanzu. Ba ta ce don wa ba. Wata Juma'ar na manta ban yi cajin batir ba, fitilar ba ta kama ba. Ta duba, ta duba, ta ja carbinta, ba ta ce uffan ba har na naɗe kayana. Tun daga nan duk Alhamis a shago nake cajinsa, in duba shi kafin in rufe, in sake dubawa da safe.

Ka ga inda muka tsaya ke nan. Kana kabari, amma har yanzu kai ne ɗan aike a gidan nan. Wani lokaci ina bayan kyamara sai in ji haushinka ya taso mini kamar kana tsaye a wurin, in ce ko mutuwa ba ta sa ka matsa mini ba. Wani lokaci kuma in ce da ba ka bar wannan abin ba, da har ta koma ga Allah ban ga idonta ba. Duka biyun gaskiya ne, ban iya zaɓar ɗaya ba. Ka yafe mini na farkon. Ina yi maka addu'a kowace sallah, wannan kam babu gauraye a cikinta.

Saura abu ɗaya. Ta ba ka saƙo ka kawo mini, ya iso. Ni ban san ta inda zan mayar da amsa ba sai ta inda ya zo. Don haka, Auta, in ka samu hanya, ka gaya wa Inna na ci. Ka ce mata na cinye duka, har na sa yatsa na share kular. Ka ce mata miyar ta yi daɗi.

Allah ya jiƙanka, ya haɗa mu a inda ba a jin kunyar kowa.

Yayanka,
Shu'aibu, ɗan farin Inna